Wasan Su Wa?

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Nguru, kuma da an bar ni da allina da allona, da har yau ban san yadda ake haɗa wasan waya ba. Taubashiyata ce ta ja ni cikin lamarin. 'Yar kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, wanda ya taso a Dagona yana su, daga baya ya koma Gashuwa ya kama sana'ar bandar kifi. Ni da ita tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba a yi tsiya ba. Idan tana neman wani abu a wurina sai ta ce da ni Yaya, idan kuwa ba ta neman komai, Malam Lissafi ne sunana.

A wani dogon hutu na je Gashuwa gaishe su. Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfa da kwamfuta a cinya, ta gama karatun kwamfuta tana jiran a tura ta bautar ƙasa. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce da ni Yaya, na san akwai magana. Ta ce ta gaji da ganin wasannin da ke cikin wayoyin mutane, daga tseren mota sai harbi, ita za ta yi na kamun kifi irin na kogin nan namu. Ta riga ta zana masunci a cikin kwale-kwale, ta zana tarwaɗa da karfasa, da agwagin ruwa, da kacala, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa. Abin da ya rage mata lissafi ne: yadda ƙugiya za ta faɗa, yadda kifi zai yi iyo, inda zai juya. Ta ce tunda kullum ina cika baki, ga fili ga mai doki.

Na ce mata wannan ai aikin 'yan aji ɗaya ne.

Ta zaunar da ni ta koya mini yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, layi bayan layi. Abin da na fara fahimta shi ne, kwamfuta ba ta da kara kuma ba ta da hankali. Idan ka aike ta kasuwa sayen gishiri, za ta je ta saya, sannan ta tsaya a tsakiyar kasuwa har tashin duniya, domin ba ka ce ta dawo ba. Na yi kwanaki ina koyo, na rubuta nawa ɓangaren, na duba shi kamar yadda nake duba takardar jarrabawa, ban ga kuskure ba. Muka haɗa da nata, ta danna.

Kogi ya fito, shuɗi, gwanin kyau. Masunci ya fito a kwale-kwalensa. Sai dai babu kifi ko ɗaya a cikin ruwan. Na ɗaga ido sama kaɗan, sai ga tarwaɗa tana ratsa gajimare a hankali, tana kaɗa jela, karfasa na biye da ita. Agwagin kuwa suna can ƙarƙashin ruwa suna ta kaɗa fiffike. Da na taɓa fuskar wayar, masuncin ya wurga ƙugiyarsa sama, ta tafi, ta wuce rana, ba ta dawo ba.

Taubashiyata ta yi dariya har ta kwanta a tabarma. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin lissafina daidai yake. Duk ɗalibin da na koyar ya san idan aka zana layin tsaye a allo, lamba tana ƙaruwa ne yayin da kake hawa sama, ƙasa kuma sai da alamar ɗebewa. Da ta dawo hayyacinta ta ce ai a fuskar waya ba haka ba ne, daga kusurwar sama ake fara ƙirga, ana gangarowa lamba na ƙaruwa. Na tambaye ta wanda ya yanke wannan hukunci, da dalilinsa. Ta ce ita ma haka ta tarar.

Hutu ya ƙare ban gyara ba, na koma Nguru da kwafin aikin a tsohuwar kwamfutata. Muka yi alkawarin kowa ya ci gaba da nasa, mu riƙa aika wa juna ta waya. A makon farko na zauna na juya alamomin da ke ɓangarena duka, kifi ya koma ruwa, na yi hamdala na aika mata. Ashe ita ma a can Gashuwa ta gaji da jirana, ta sa wani layi a nata ɓangaren mai kifar da duk abin da ya fito daga wurina. A kwamfutarta kifi na ruwa, a tawa kifi na ruwa. Da ta haɗa biyun, sai ga tarwaɗa a gajimare.

Ta kira ni, muka yi ta musu har muka gano abin da ya faru. Kowa ya ce to, shi ke nan, an gane. Na kashe waya na cire gyarana. Ita ma ta kashe waya ta cire nata. Washegari aka haɗa, kifi na sama. Muka sake magana, muka amince mutum ɗaya ne zai taɓa wurin, amma sabis ya yanke kafin mu faɗi ko wane ne. Ni na ɗauka ita ce, tunda ita ce mai takardar shaida. Ita ta ɗauka ni ne, tunda ni na ɓata. Muka yi mako guda kowa yana jiran ɗan'uwansa, kifayen suna can suna shan iska. Har yau ban iya tuna wanda ya gyara a ƙarshe. Na dai san wata rana na buɗe na gan su a ruwa, ban kuma tambaya ba don kada in tayar da su.

Sunayen fayilolin da muke aika wa juna ma wani ciwon kai ne. Akwai “na ƙarshe”, akwai “na ƙarshen ƙarshe”, akwai “wannan ne wallahi”, akwai kuma “kada ka buɗe wancan”, wanda ban taɓa sanin wanne yake nufi ba. Sau da yawa nakan ɓata yammaci guda ina gyaran abin da aka riga aka gyara tun watan jiya.

Muka amince tun farko cewa duk sunayen da za mu raɗa wa abubuwa a cikin rubutun da Hausa za mu sa su, don kishin harshe. A nan ne muka haɗu da kalmar ci. Ni na buɗe wani wuri da zai riƙa tara makin ɗan wasa, na sa masa suna ci, domin wanda ya yi nasara shi ya ci. Ita kuma ba ta sani ba, ta buɗe nata wurin mai lura da duk lokacin da kifi ya cinye tanar da ke bakin ƙugiya ya gudu, ta sa masa suna ci. Kwamfuta ba ta ga bambanci ba, ta haɗa su wuri ɗaya. Sai ya zama idan ka kama kifi ka sami maki, idan kifi ya cinye maka tana ya tsere ma ka sami maki, har ma ya fi yawa, domin tserewar ta fi kamun yawa. Na ajiye wayar a kan tebur na tafi masallaci, na dawo na tarar masuncin da ban taɓa ba ya kafa tarihin da ni da nake ƙoƙari ban taɓa kaiwa ba. Na daɗe ina kallon lambar. Na fara tunanin ko dai wasan yana koya mini wani abu ne game da tawakkali.

A wannan lokacin ne Inna, mahaifiyata, ta shigo cikin aikin ba da saninmu ba. Masu wannan sana'a suna kiran kuskuren da ya ɓuya a cikin rubutu kwaro, haka taubashiyata ta fassara mini daga Turanci, muka kuma riƙe. Akwai wani kwaro da ya addabe mu: duk lokacin da aka kama kifin nan ragon ruwa, sai masuncin ya ɓace, kwale-kwale ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Kullum Inna tana jina a tsakar gida ina waya, ina cewa kwaron nan yana nan bai fita ba, na neme shi na rasa, ƙila ma ya hayayyafa.

Wata Asabar na zuge jakar kwamfutata, sai atishawa ta kama ni ba ƙaƙƙautawa. An cika kowace aljihu da busasshen barkono da ganyen darbejiya. Na fito da hawaye na tambayi wanda ya yi wannan aiki.

Inna ta ce, “Ni ce. Wake ma haka ake masa. Na so in shanya ta a rana, sai na ga baƙa ce, kada ta narke.”

Na zauna na yi mata bayani cewa ba kwaro mai ƙafa ba ne, kuskure ne a rubutu. Ta ce to me ya sa ba za mu ce kuskure ba. Na kakkaɓe kwamfutar na kunna, na kama ragon ruwa don in nuna mata abin da nake nufi. Masuncin bai ɓace ba. Na sake kamawa, yana nan zaune daram. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba tun daren jiya. Inna ta dube ni, ta dubi kwamfutar, ta tashi ta koma kan tsintar shinkafarta. Da na gaya wa taubashiyata, ta ce tabbas wani fayil na buɗe daban. Na bincika, ban tabbatar da hakan ba, ban kuma tabbatar da akasinsa ba. Barkonon dai na bar kaɗan a aljihun gefe.

Da wani hutun ya zagayo, muka ga aikin ya kai a nuna wa mutane. Wa za a fara nuna wa in ba Kawu ba, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan ruwa? Na hau mota na tafi Gashuwa. Muka sa wasan a wayarsa, wata ƙarama mai tsagaggen gilashi, ba mu ko gwada ba saboda ɗoki. Bayan la'asar muka same shi a zaure da wani tsohon amininsa da ya zo daga Katuzu a kan babur, manomin fadama, mutum mai yawan shiru. Kawu ya riga ya ba shi labari cewa 'yarsa da ɗan 'yar'uwarsa sun ƙera abin da Turawa ke ƙerawa. Ya sa tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuska, ya karanta sunan wasan da ƙarfi.

“Wasan su.” Ya ɗago. “Wasan su wa?”

Taubashiyata ta ce, “Su, Baba.”

“Na ji. Su wa ɗin?”

“Su na kifi. Irin wanda kake yi a Dagona.”

Ya ce to ai sai a rubuta haka. Wata shida muna kallon sunan nan, ko sau ɗaya bai zo mana a rai cewa ana iya karanta shi ta wata fuska ba. Muka dubi juna, kowa yana shirin ɗora wa ɗan'uwansa, sai Kawu ya sake tsayawa. A ƙarƙashin sunan akwai koren maɓalli da aka rubuta Fara. Ya ce an ce masa kifi, ga shi kuma yana ganin fara, shin soyayya ce ko ɗanya. Amininsa ya leƙo ya ce a'a, launi ake nufi, sai dai an yi kuskure, domin abin kore ne. Na ce fara wasa ake nufi, a danna kawai.

Wasan yana tambayar sunan mai bugawa kafin a shiga. Taubashiyata ta rubuta masa Alhaji. Ya karɓa ya fara tuƙi da babban yatsansa, yana ƙorafin cewa ba a riƙe filafili haka. Bai yi nisa ba ya kutsa cikin kacala, kwale-kwale ya maƙale, wasa ya tsaya.

Abin da muka tsara ya fito a nan shi ne jimla mai ladabi: Alhaji, wasa ya ƙare. A wayoyinmu masu faɗi haka take fitowa a layi ɗaya, hoton kacala a ƙarƙashinta. Amma akwai abubuwa biyu da ba mu haɗa a lissafi ba. Na farko, watanni kafin nan na lura haruffa masu lanƙwasa suna fitowa kamar akwati a wasu wayoyi, sai na rubuta ɗan umarnin da ke miƙe su duka, na kuma manta ban gaya mata ba. Na biyu, fuskar wayar Kawu ƙarama ce, sai jimlar ta karye gida uku, hoton kacala ya hau kan layin tsakiya ya rufe shi ruf. Abin da ya rage, da manyan baƙaƙe, kalma biyu ne. A sama ALHAJI. A ƙasa KARE.

Kawu ya karanta a zuci. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa. Amininsa ya leƙo, sannan ya ɗaga kai yana nazarin azarar zauren kamar yau ya fara ganinta. Ni daga inda nake zaune ban hango fuskar wayar ba, don haka na yi murmushi na tambayi Kawu yadda ya ga aikin.

Ya juyo mini da ita. A hankali ya ce, “Wanne daga cikinku ya rubuta wannan?”

Na nuna ta, ta nuna ni. Kuma dukanmu gaskiya muka faɗa, domin ita ta rubuta jimlar, ni na cire lanƙwasar, wayarsa ta yi sauran. Muka shiga bayani a tare, ita tana maganar faɗin fuska, ni ina zana ƙa da ka a ƙasa da yatsa. Iya bayaninmu iya ƙara cakuɗewar zancen, har na ji kaina ina cewa ai karen ba kare ba ne. Kawu ya ɗaga hannu muka yi shiru. Ya ce ya san tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa, amma shi bai san ranar da ya zama abokin wasan waya ba.

Na miƙa hannu in karɓa in goge wasan, sai ya janye. Ya ce a rubuta sunan amininsa, shi ma ya gwada. Mutumin ya ce shi manomi ne, ba ruwansa da ruwa. Kawu ya nace. Aka rubuta Malam, aka ba shi, Kawu yana gefe yana nuna masa hanya da zuciya ɗaya, dama, dama, ƙara dama, har ya kai shi tsakiyar kacala. Rubutu ya fito. Kawu ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da tari. Aminin ya daɗe yana duban abin, sannan ya ce a sake rubuta Alhaji.

Har aka kira magariba suna miƙa wa juna wayar. Mu da muka haɗa wasan muna zaune a bakin ƙofa, ba wanda ya sake bi ta kanmu. Na tambayi taubashiyata a hankali ko wannan nasara ce. Ta ce ba ta sani ba.

Washegari muka gyara jimlar, muka canza sunan wasan, muka mai da Fara ya zama Shiga. Kawu ya ƙi karɓar sabon. Ya ce nasa lafiyarsa ƙalau, kada wanda ya taɓa masa waya. Na ji labari daga baya cewa duk dillalin kifin da ya zo zaurensa sai an rubuta sunansa.

Ba da daɗewa ba aka tura taubashiyata bautar ƙasa can kudu, ni kuma makaranta ta koma, aikin ya tsaya a inda yake. Ba mu taɓa sa shi a kasuwar manhajoji ba. Amma daga wayar Kawu da tamu ya bi hannu, wannan ya tura wa wancan, masu shagon caji suna zuba wa mutane tare da waƙoƙi da wa'azi.

Bara ina dawowa daga Gashuwa a motar haya, aka matse ni da wani mutum mai kimanin shekaruna, da buhun albasa a tsakanin ƙafafunsa. Muna fita daga gari ya ciro waya, sai na ji ƙarar filafilin da na sani, wadda muka ɗauka ta hanyar kaɗa ludayi a bokiti. Na leƙa, wasanmu ne. Ya ga ina kallo, ya tambaya ko na iya. Na ce kaɗan-kaɗan. Ya ce 'yan Kano ne suka yi shi, kuma yawancin mutane ba su san sirrinsa ba, bari ya nuna mini Yusufari.

Na ce wace Yusufari, garin nan mai tuddan rairayi?

Ya juya kwale-kwalen ya tuƙa shi da baya har gefen hagu, inda na san da hannuna na rubuta cewa a tsaya. Ya danne yatsa bai ɗaga ba. Kwale-kwalen ya ɗan yi rawa, ya ratsa gefen, ya fita. Kogi ya ɓace. Ko'ina ya zama ruwan ƙasa-ƙasa kamar rairayi, babu kacala, babu agwagi, sai masunci yana tuƙi a kan tudu. Can sai ga kifaye sun fito a jere, suna tafe a tsaye a kan jelarsu, suna shiga kwale-kwalen da kansu. Ya ce nan yake zuwa idan ya gaji, sai dai kada a daɗe, in an daɗe wayar takan yi zafi.

Ba mu taɓa zana rairayi ba. Ba mu taɓa koya wa kifi tsayuwa ba. Na buɗe baki in ce ya tura mini irin nasa, sai direba ya taka birki a Jajimaji, mutumin ya ja buhunsa ya sauka, ya yi mini sallama, mota ta tashi.

Da na isa gida na kira taubashiyata na ba ta labari. Ta ce in turo hoto. Na ce ban ɗauka ba. Ta ce Malam Lissafi, zafin mota ne ya taɓa ka. Na buɗe duk fayilolin da ke tsohuwar kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, na sa kowanne a waya na gwada. Har yanzu idan na sami sarari tsakanin darasi da darasi nakan ja kwale-kwalen da baya zuwa gefen hagu in danne. Nawa yakan tsaya ne a bakin gilashi, masuncin yana ta tuƙi a wuri ɗaya.